Sha-Kauci a Ɗorawar Kaka

Kwanakin baya na bi ta hanyar ƙauyenmu a motar haya, za mu gaisuwar rasuwa wajen Gezawa, sai da na tambayi matar da ke kusa da ni ko mun wuce garin ne ban lura ba. Ta ce ai ga shi nan muna cikinsa. Inda na sani gonaki ne, gona na jingine da gona, yanzu katangun bulo ne da shaguna da gidan mai. Ban ga laifin kowa ba; mutane sun yi yawa, kowa kuma na bukatar inda zai sa haƙarƙarinsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda sama ta yi fili fetal. A da in mutum ya tsaya a bakin gari ya dubi gabas, ba ya ganin ƙarshen gonaki saboda itatuwa, ɗorawa da gawo da kuka da tsamiya, kowace da mai ita, kowace da sunan da ake kiranta da shi. Na leƙa ta taga ina neman guda ɗaya da na sani, ban same ta ba. Tun daga ranar nake ta tuna wani ɗan tsuntsu da jikinsa bai fi babban yatsan hannu ba, da tsohuwar da ta koya mini kallonsa alhali ita ba ta gani.

Ƙasarmu ba ta da daji. Duk taƙin ƙasa da mai shi, iyaka kuwa layin gamba ce ko 'yan itatuwan lalle, har in kana noma kana jin tarin maƙwabcinka. Ba a barin gona ta huta, taki ake ba ta. Da rani za ka ga jakuna sun yi jerin gwano da mangala, suna kai itace birni su dawo da shara da toka, a zube tsibi-tsibi a gonaki ana jiran ruwa. Mu 'yan mata aikinmu ba ya ƙarewa, amma ba mu san sunansa wahala ba: a ɗebo ruwa, a share tsakar gida, a yi surfe, a kai wa maza fura gona, a koro awaki. Safiyar wancan zamani da kunne ake gane ta. Kafin rana ta fito kurciya ta fara, sai guga tana dukan bangon rijiya, sai karatun yara daga zauren malam, sannan turame su riƙa amsa wa juna daga gida zuwa gida, har mace tana iya gane luguden ƙawarta daga bayan darni. Yanzu injin niƙa ya ɗauke wa jikokina wannan aiki, kuma ina taya su murna, don na san abin da taɓarya ke yi wa tafin hannu. Sai dai in na farka da safe babur nake ji da rediyon maƙwabta, ba abin da ke gaya mini ko gari ya kwana da abinci ko bai kwana da shi ba.

Na faɗi haka ne domin a shekarun fari turamen nan ne suka fara yin shiru. Damina ta zo ta gaza, gero ya fid da kai babu ƙwaya, muka ce ta baɗi za ta gyara. Ta baɗin ta fi ta muni. Rumbuna suka zama gidan ɓeraye, daga baya ɓerayen ma suka watse. Aka riƙa ƙulla igiya a kan igiya kafin guga ta taɓa ruwa. Muka ci dusa, muka ci busasshiyar tafasa da yaɗiya, muka ci garin rogon da ake kawowa daga kudu, wanda da ko kallonsa ba ma yi. Aka sayar da awaki, aka sayar da jakin Baba. Mutane suka daina shiga gidajen juna lokacin cin abinci, don kada a kunyata mai gida. Yau wannan gida ya ɗaure kaya ya tafi birni, gobe wancan ya nufi kudu, a toshe ƙofa da ƙaya. Wasu sun dawo, wasu har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Lokacin na tasa, ina iya ɗaukar tulu cike da ruwa, amma ban gama yarinta ba.

Gidanmu ba shi da yawa. Baba ne, da Inna mahaifiyata, da ni, da ƙanena da ba a daɗe da yaye shi ba, sai Kaka, mahaifiyar Baba. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take kirana takwara. Yanar ido ta rufe mata gani tun ina ƙarama, sai dai ta bambance rana da inuwa, amma kunnenta ya isa. Takan gane wanda ya shigo zaure tun daga takunsa. Baba ɗan farinta ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma cika yi masa magana kai tsaye ba. Yana zaune a gabanta za ta juyo wajena ta ce in gaya wa ubana kaza da kaza. Abu biyu Kaka ta mallaka a duniya. Ɗaya wata babbar ɗorawa ce a gonarmu ta gabas, gadon mahaifinta. Ɗayan kuwa tukunyar iri ce a ƙuryar ɗakinta, zaɓaɓɓen geron da ta hana a shuke duka a daminar da ta wuce, ta gauraya shi da toka, ta liƙe bakin tukunyar da laka. Kowa a gidan ya san da ita, kowa kuma yana kauce wa kallon ƙuryar nan.

Da sanyi ya fara ja da baya a waccan shekara, ɗorawar ta yi fure, jajaye masu reto kamar tuntun hula. Itace mai zurfin saiwa fari bai cika karya shi kamar gero ba. Amma yunwa ta sa mutane ba sa jiran 'ya'ya su nuna, ɗanyu ake kaɗewa. Kaka ta ce ba za ta zauna a ɗaki a cinye mata gado ɗanye ba. Kullum da hantsi sai in ja mata sanda, mu bi ta tsakanin busassun kunyoyi, in shimfiɗa mata tabarma a gindin ɗorawar mu wuni gadi, ita da kunne, ni da ido. Duk inda yunwa ta kai, ba wanda zai hau itacen makauniya tana zaune a ƙarƙashinsa.

Wunin yana da tsawo, ga zafi, ga ciki ba komai. Nakan kwanta rigingine ina kallon ganye har barci ya ɗauke ni. Wata rana ina cikin haka Kaka ta taɓa ƙafata da sanda, ta ce in saurara. Na ji wani ɗan sauti siriri can sama, tsit-tsit, kamar ana goga allura a bakin kwano. Ta tambaye ni ko wane ne. Na ce tsuntsu ne mana. Ta ce ai ta san ba jaki ba ne, wane iri? Na ɗaga kai na ce ƙarami ne, baƙi. Ta yi tsaki, ta ce Allah ya ba ni idanu lafiyayyu ina amfani da su kamar na aro.

Ta sa na tashi na zagaya har rana ta koma bayana. Ta ce in zauna, kada in nuna shi da hannu, kada in riƙa binsa da kai, in zuba ido a kan kauci kawai, zai zo da kansa. Kauci shi ne tsiron nan da ke fitowa a jikin reshen wani itace yana shan ruwansa. Ɗorawar Kaka na da shi curi-curi, da furanni sirara masu jan kai kamar tsinken ashana. Na zauna har ƙafata ta mutu. Can sai ga shi. Da ya fito daga inuwa rana ta dake shi, na ga ashe ba baƙi ba ne ko kaɗan. Kansa da bayansa kore ne mai ƙyalli, in ya juya sai koren ya koma kamar tagulla, cikinsa rawaya kamar ƙwaiduwa, ga jela siririya da ta fi jikinsa tsawo. Na riƙa faɗa wa Kaka a hankali, tana gyaɗa kai. Ta tambaye ni bakinsa, na ce gajere ne, da ɗan lanƙwasa kaɗan. Ta tambaye ni ko akwai ja a ƙirjinsa, na ce babu.

"Sha-kauci ne," in ji ta, "amma na rani ne, baƙo. Da ruwa ya kusa zai wuce. Ba shi nake jira ba."

Daga ranar barci ya daina ɗaukata a gindin ɗorawa. Ban taɓa sanin abu ƙarami haka yana da aiki haka ba. Yakan sauka a kan kaucin, ya soka baki a gefen furen da ke rufe, sai furen ya tsage fat, ya watsa masa gari a goshi, shi kuwa ya zura harshe ya sha, ya wuce na gaba. Wani lokaci ya rataye kai a ƙasa a jikin furen ɗorawa kamar jemage, wani lokaci ya tsaya cak a iska fikafikansa na rawa har ba a ganinsu. Ba ya zama wuri ɗaya gwargwadon a ce bismillahi. In wani tsuntsu ya matso, ko da ya ninka shi girma, sai ya taso masa da tsiwa har ya kore shi daga itacen. Yaran gari da ke yawo da danƙo suna harbin duk abin da ke da fiffike saboda yunwa ba sa kula shi, don ba loma a jikinsa. Duniya duk ta bushe ta yi fari, mutane sun rame suna tafiya a hankali don kada ƙarfi ya ƙare, shi kuwa yana ta ƙyalli yana tsalle kamar ba abin da ya faru. Ni dai kallonsa yakan sa in manta da cikina har la'asar. Yaran yanzu suna ganin tsuntsayen ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba a cikin waya, manya-manya, a tsaye cik, amma ban sani ba ko akwai wanda ya taɓa zama har ƙafarsa ta mutu don jiran guda ɗaya.

Da zafi ya tsananta, mai rawayan cikin ya ɓace. Wata safiya na ga wani a madadinsa, mara kyan gani, toka-toka, sai doguwar jela da ɗan kore a kafaɗa, bakinsa kuma ya fi na farkon tsawo, a lanƙwashe kamar lauje. Da na kwatanta wa Kaka, sai ta gyara zama. Ta ce wannan ne ɗan gida. Da rani yakan tuɓe kayan adonsa ya sa tsumma, in damina ta gabato sai ya fara mayar da su kaɗan-kaɗan, kai da baya su yi kore, tsakiyar ƙirji ta yi ja, gefe da gefe rawaya. Ta ce mahaifinta ba ya taɓa tukunyar iri sai ya ga ƙirjin nan ya cika. Na tambaye ta ko wannan ba duba ba ne, don na ji malam yana hani da duba. Ta ce a'a. Wanda ya halicci ruwan shi ya halicci tsuntsun, ya kuma sa masa jin abin da mu ba ma ji, kamar yadda ya ba ta kunne ya ba ni ido. Daga nan kullum tambayarta ɗaya ce, yaya ƙirjinsa, kuma ta gargaɗe ni kada in kuskura in faɗa mata abin da take son ji, abin da na gani kawai take so.

A gida kuwa al'amari ya ƙara ɓaci. Gashin ƙanena ya yi ja-ja ya yi laushi, ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ba ya riƙe dusa, har kukan ma ya daina. Wata rana bayan la'asar, mun dawo daga gona ke nan, Inna ta zo ta durƙusa a ƙofar ɗakin Kaka da yaron a hannu. Inna mace ce mai kunya, ban taɓa jin ta ɗaga murya a gaban surukarta ba, kuma ranar ma ba ta ɗaga ba.

"Iya," in ji ta, "yaron nan ba zai kai damina ba. Ga hatsi a ɗaki, ga ɗana yana ƙarewa a hannuna. Ki yi wa Allah ki buɗe tukunyar nan."

Baba na tsugune a gefe. Kansa a ƙasa ya faɗi abin da ya daɗe yana juyawa a ransa: a ci irin a sami ƙarfin tafiya, a rufe gida, mu koma birni gaba ɗaya, inda wani abokinsa ke dako a kasuwar hatsi. Kaka ta juyo da fuskarta inda take jin numfashina.

"Takwara, yaya ƙirjin nasa yau?"

Duk suka dube ni. Na san in na ce ba alamar komai, za a fasa tukunyar a cinye, mu tafi. In na ce ya cika, Kaka za ta hana ko ƙwaya. Idon Inna na kaina, ga ƙafar ƙanena tana reto daga hannunta. Na rasa wadda zan bi a cikinsu, sai kawai na faɗi abin da na gani da safe: kore ya rufe kai da baya, ja ya fara fitowa a tsakiyar ƙirji kamar inda ƙaya ta karci mutum, rawaya kuwa gefe ɗaya ne kawai ya fito.

Kaka ta ce to. Ta sa na jawo tukunyar, ta lalubi bakin, ta fasa lakar da hannunta. Ƙamshin gero ya cika ɗakin, wanda muka daɗe ba mu ji ba. Ta riƙa ɗiba da tafin hannu tana zubawa a ƙwarya har ta ɗebi kamar kashi ɗaya cikin uku, ta tura wa Inna, ta ce wannan na kunun yaro ne, shi kaɗai. Sannan ta ce in gaya wa ubana sauran na ƙasa ne. In ƙirjin ya cika ya binne shi a gona, ya tafi birnin nasa ya nemo mana abin riƙe rai, ita dai ba inda za ta. Baba ya ɗago kai ya ce, Iya, in ruwan bai zo ba fa?

"Ki ce masa in bai zo ba, tuwon 'yan kwanaki muka rasa. In kuwa ya zo ya tarar ba mu da iri, gonar muka rasa."

Inna ta ɗauki ƙwaryar, ta yi godiya, ta tafi ta kunna wuta. Ranar aka ji turmi a gidanmu.

Ba a daɗe ba 'ya'yan ɗorawar suka nuna. Baba ya hau ya kaɗo, muka tara a tsakar gida. Garin nan rawaya mai zaƙi muka riƙa damawa da ruwa muna sha, kalwar kuma Inna ta dafa ta yi daddawa, ina kaiwa kasuwa ranar da take ci ana ba ni 'yar dawa a madadi. Ƙanena ya fara riƙe kunu, kumburin ya soma saɓewa. A lokacin ne na lura azumin nafilar Kaka ya yawaita. Da Litinin da Alhamis take yi, sai ya zamana kusan kullum in an kawo mata ɗan abin da aka samu ta ce ta ɗauki azumi, a ba yaro. Ko da gadi ya ƙare, ba ta daina sa ni in ja ta gindin ɗorawa ba, sai dai tafiyar ta ƙara tsawo, muna yi muna hutawa.

Ranar da ƙirjin ya cika ba zan manta da ita ba. Tsuntsun ya sauka a reshen ƙasa, kusa da ni har ina ganin idonsa. Rana ta fito masa sosai. Koren ya wuce duk wani kore da na sani, ganye bai kai shi ba, zanen da marina suka buga ma bai kai shi sheƙi ba. Jan ƙirjin kamar garwashi, rawaya ta kama shi dama da hagu, jelar nan biyu sirara suna bin iska. Ya ɗaga kai ya yi ta rera wani abu mai sauri, maƙogwaronsa na rawa. Kusa da shi ga matarsa, ba ado ko ɗaya, ruwan ƙasa-ƙasa da ɗan rawaya a ciki, ba ta ko dube shi ba, tana ta tsintar ƙananan gizo-gizo a bayan ganye. Na daɗe ban iya magana ba, har Kaka ta ce shirun nan nawa ya ishe ta amsa, amma duk da haka in faɗa mata ɗaya bayan ɗaya, kada in tsallake komai. Na faɗa. Ta rufe idanun nan da ba sa gani tana murmushi, ta ce haka yake, haka ta bar shi.

Washegari Baba ya ɗauki sungumi. Sama tas, ko gajimare babu, yana sara busasshiyar ƙasa ina binsa ina jefa iri ina rufewa da diddige. Masu wucewa suka riƙa yi mana sannu da aiki da irin muryar da ake yi wa mara lafiya. Wani dattijo maƙwabcin gonarmu ya tsaya ya ce wa Baba shi da ya sami geron nan da cikin 'ya'yansa zai binne shi. Baba ya ce umarnin mahaifiya ne, ya ci gaba da sara. Da muka gama ya ɗaure ɗan ƙunshinsa ya kama hanyar birni a ƙasa.

Ruwa kuwa bai zo ba. Rana ta fito ta faɗi, ta sake fitowa, har na daina lissafi. Zabi da tururuwa suka riƙa tone ramukan, ina yawo a gona ina korar abin da zan iya kora. Sau ɗaya hadari ya haɗu ya yi baƙi, muka fitar da tukwane, iska ta kwashe shi. Na fara jin haushin tsuntsun. Yana nan yana ƙyalli, yana waƙa, irinmu na ƙonewa a ƙasa. Na ce wa Kaka sha-kaucinta ya yi mana ƙarya. Ta ce bai yi mana alkawarin komai ba, shi ma shiri ya yi yana jira kamar mu, kuma in ruwan bai zo ba shi ma ba zai ga 'ya'ya bana ba. Amma na lura carbinta ba ya barin hannunta, kuma ta daina tambayata komai game da shi.

Da ruwan ya tashi zuwa, da rana tsaka ya zo. Iska ta juyo daga gabas da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, Kaka ce ta fara jinsa, ta ce a kwashe shanya. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya har magariba. Da gari ya waye na ruga gona. Ba abin da ya tsiro tukuna, amma a kan ɗorawa na tarar da sha-kauci yana birgima a jikin jiƙaƙƙen ganye, yana karkaɗa fiffike, wanka yake yi da ɗigon da ya kwana. Bayan 'yan kwanaki gero ya leƙo, ba duka ba, wajen rabin ramukan shiru. Baba ya dawo daga birni da ɗan buhun dawa a ka, kafaɗarsa duk ta saɓule da dako. Da aka sake ruwa muka bi muna cire tsiro daga inda ya yi yawa muna dasawa inda babu. Dattijon nan maƙwabcinmu, wanda gonarsa ke kwance ba iri, Baba ya cika masa kwando da dashe ba tare da ya roƙa ba.

Kaka ba ta ƙara iya takawa zuwa gona ba. Jikinta ya zube, ƙafafun sun ƙi. Ni na riƙa kai mata labari ɗaki. Na gaya mata matar ta fara gini a ƙarshen wani siririn reshe, tana kawo zaren ciyawa da gashin tsuntsu tana ɗaurewa da yanar gizo-gizo, har ya zama 'yar jaka mai reto da ƙofa a gefe da ɗan rufi a samanta don ruwa. Ta tambaye ni mijin fa, na ce yana sama yana waƙa. Ta yi dariya har da tari, ta ce ba a nan aka fara ba. Daga baya na gaya mata na ji ƙananan muryoyi a cikin jakar, kuma yanzu shi ma yana jigilar abinci, ya rage tsiwa.

Daminar ba ta yi albarka sosai ba, ta ɗauke da wuri, amma gero ya yi ƙwaya. Da kawunan suka fara nuna, Kaka ta ce in gaya wa ubana tana son zuwa gona. Ba jaki, ba amalanke. Baba ya tsuguna a ƙofar ɗakinta, Inna ta taimaka aka ɗora masa ita a baya, aka ɗaure da zane kamar jaririya. Ya ce da ni daga baya bai ji nauyin komai ba. Muka bi ta tsakiyar geron, ƙanena na gaba yana gudu da ƙafafunsa, ita kuwa ta miƙa hannu tana shafa kawunan da ke wucewa, tana matsa wasu tana jin ƙwarinsu. A gindin ɗorawa aka sauke ta. Na haɗa 'yar wuta da kara, Baba ya karyo kai biyu masu kyau, na gasa tumu.

Tana zaune ta karkata kunne sama, ta tambaye ni ko yana nan. Na duba na same shi. Na ce yana nan, 'ya'yan sun tashi, suna binsa daga reshe zuwa reshe. Amma rigar ta fara tsufa, koren ya dushe a wuya, jan ya yi ɗigo-ɗigo, jelar ma ɗaya ta karye. Ta gyaɗa kai, ta ce ai ya yi aiki da ita.

Na murje tumun a tafin hannu, na hure, na zuba mata. Ba ta da haƙoran tauna shi. Ta kai hanci ta shaƙa ta daɗe, ta sa 'yan ƙwayoyi a baki tana tsotsa, sannan ta lalubo ƙanena ta juye masa sauran. Ya cinye tas, ya lashe hannu, ya sake miƙo mata tafinsa. Inna ba ta wurin balle ta kwaɓe shi, ni kuwa na buɗe baki zan ce ya isa haka, don abin da muka saba faɗa masa ke nan tun da ya fara wayo. Kaka ta riga ni.

"Karyo masa wani, takwara," in ji ta. "Akwai."